Likita ya rubuta wa mahaifiyarmu mofin, gida kuma ya rabu biyu a kan ba ta shi

Mai Jinyar Uwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda Allah ya ba ilimin magani, domin al'amarin ya fi ƙarfin shawarar cikin gida. Shekara biyu ke nan mahaifiyarmu tana fama da ciwon daji na nono, kuma a watannin baya likitoci suka tabbatar mana cewa ciwon ya bazu zuwa ƙashin baya da ƙugu. Mace ce mai haƙuri wadda ba ta saba kuka da ciwo ba, amma yanzu idan za a juya ta a kan gado sai ta damƙe hannun ƙanwata har farcenta ya bar shaida, kuma sallah ma a kwance take yin ta da ishara. Parasitamol da sauran magungunan da aka fara ba ta sun daina yi mata komai. A makon jiya likita ya rubuta mata mofin na ruwa, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, miligiram 5 duk bayan awa huɗu, dare da rana.

Kawunmu, wanda shi ne babba a dangi, ya ce muddin yana raye ba za a ɗura wa 'yar'uwarsa ƙwaya ba, kuma ba a banza ya faɗi haka ba. Ƙanenmu ya shekara uku yana shan tiramol, ya fara da sunan neman ƙarfin aiki, sau biyu yana faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma wata takwas ke nan da rabuwarsa da ita. Da Kawu ya ji cewa mofin da tiramol da kodin dangi ɗaya ne, sai ya ɗauke kwalbar ya kulle a ɗakinsa. Ina so in fahimci yadda maganin yake aiki a jiki, da ko Mama za ta kamu da jarabarsa kamar yadda ƙanenmu ya kamu, da kuma ko gaskiya ne maganar da ake yi cewa likitoci ba sa rubuta shi sai sun cire rai da majinyaci, kuma yana gaggauta ajali.

Mai Harhaɗa Magunguna ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Kawunku ya yi gaskiya a abu ɗaya, dangin ɗaya ne, kuma gara a fara da amincewa da hakan kafin a nemi ya saki kwalbar.

Asalin dangin wani fure ne da ake tsaga kwansonsa ya fitar da ƙaro fari, wanda idan ya bushe ake kira opiyom. Daga cikin wannan ƙaro ne wani mai harhaɗa magunguna Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya tace mofin a farkon ƙarni na 19, sannan aka tace kodin a Faransa a 1832. Tiramadol kuwa, wanda muka fi sani da tiramol, haɗa shi aka yi a ɗakin gwaji a Jamus, aka fara sayar da shi a 1977, haka ma fentanil da aka haɗa a Beljiyam wajen 1960, wanda ya fi mofin ƙarfi ninki hamsin zuwa ɗari. An daɗe ana amfani da su ba tare da an san inda suke sauka a jiki ba, sai a 1973 masu bincike suka gano cewa a jikin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa da laka (babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya) da hanji akwai wasu makarɓai da waɗannan magunguna suke shiga daidai, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗonsa. Bayan shekara biyu aka gano a Aberdeen ta Scotland cewa jiki da kansa yana yin sinadaran da suke buɗe waɗannan kwaɗuna. Su ne suke sa mutum ya ji rauni a tsakiyar tashin hankali bai san ya ji ba sai daga baya.

Idan ciwon daji ya ci ƙashi, jijiyoyin wurin suna aika saƙo zuwa laka, laka ta miƙa shi ga ƙwaƙwalwa, a can ne ake jin sa a matsayin zafi. Mofin yana tare saƙon a mahaɗar laka, ya rage fitar sinadaran da suke miƙa shi gaba, ya kuma ƙarfafa wata hanya da take saukowa daga ƙwaƙwalwa don danne zafi. A ƙwaƙwalwar kanta yana rage firgici da damuwar da suke tafiya tare da ciwo, shi ya sa za ka ji majinyaci yana cewa ciwon yana nan amma ya daina damunsa. Matsalar ita ce makarɓan ba a hanyar ciwo kaɗai suke ba. Akwai su a cibiyar da take sarrafa numfashi a gindin ƙwaƙwalwa, nan ne haɗarin mutuwa yake idan an wuce ƙima. Akwai su a hanji, shi ya sa bayan gida yake tauri. Akwai su kuma a sashen da yake ba mutum jin daɗi ya sa shi marmarin maimaita abu, kuma ta wannan ƙofa jaraba take shiga.

A kan tambayarka ta biyu, akwai abubuwa uku da mutane suke haɗawa wuri ɗaya alhali sun bambanta. Jiki yakan saba da maganin har adadin jiya ya gaza yin aikin yau. Jiki kuma yakan dogara da shi, ta yadda idan aka yanke shi farat ɗaya bayan makonni ana sha, sai mutum ya kama hamma da hawaye da majina, da gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wannan dogaro zai sami kusan duk wanda ya daɗe yana sha, har da Hajiya, kuma maganinsa shi ne a rage sannu a hankali idan lokacin dainawa ya zo. Jaraba ita ce ta uku, wato mutum ya riƙa neman maganin don jin da yake ba shi, ya kasa tsayawa a kan ƙima, ya yi ƙarya ko ya sayar da kayansa dominsa, ya ci gaba da sha yana ganin yana cutuwa. Abin da ya sami ƙanenku ke nan. Dattijuwar da ba ta taɓa shaye-shaye ba, tana shan adadi ƙayyadadde ta baki a kan agogo saboda ciwon daji a ƙashi, likita yana bibiyarta, da wuya ƙwarai ta faɗa wannan rami. Idan aka ƙara mata adadi nan gaba, galibi ciwon ne ya ƙaru.

Ka kuma duba bambancin adadi. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, kuma iyakar abin da babba mai lafiyar ƙoda da hanta zai sha a yini miligiram 400 ne. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ana sayarwa a tasha da bakin kasuwa ƙwaya ɗaya takan kai 200 ko 225, matasa kuma suna haɗiyar biyu ko uku lokaci guda, wani lokaci a cikin lemon kwalba. Tiramol yana da wani aiki na daban a kan sinadaran ƙwaƙwalwa wanda mofin ba shi da shi, kuma wannan aikin ne yake jawo jijjigar da kuka gani sau biyu.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Sannu da jinya, ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri. Na daɗe ina aiki da masu ciwon daji, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin majinyaci yana nishi kwana da kwanaki alhali maganinsa yana cikin jakar 'yan'uwansa suna tsoron buɗewa. Na taɓa jinyar wata baiwar Allah da ta yi kusan mako biyu ba ta runtsa ba, ta daina cin abinci, ba ta son kowa ya taɓa gadonta. Kwana biyu da fara ba ta mofin na ruwa a kan lokaci, na shigo da safe na tarar ta jingina da matashi tana shan koko, tana tambayar wanda ya kai jikokinta makaranta. Ciwon dajinta bai warke ba, amma ta samu watannin da ta yi hira da iyalinta, ta yi wasiyya da hankalinta, ta yi sallah cikin natsuwa.

Maganar cewa ba a rubuta shi sai an cire rai kuskure ce da ta samo asali daga jinkirinmu. Saboda tsoro da ƙarancin maganin, sau da yawa ba a kawo shi sai majinyaci ya kai gargara, idan ya rasu washegari sai a ɗora wa maganin laifi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na maganin zafin ciwon daji, a fara da irin su parasitamol, a hau zuwa kodin ko tiramol, a kai ga mofin idan zafin ya tsananta, kuma tsananin zafi ne ma'auni, ba kusantar ajali ba. Ana ba da shi bayan tiyata, da karayar ƙashi, da ƙuna mai tsanani, da tashin ciwon sikila, mutane su warke su tafi gida. Idan aka fara da ɗan kaɗan aka riƙa ƙarawa gwargwadon ciwo, kamar yadda likitanku ya yi, ba ya rage kwana.

Dalilin awa huɗu shi ne mofin na ruwa yana fara aiki cikin kamar rabin awa, ƙarfinsa kuma yana gushewa bayan awa huɗu. Kada ku jira sai Mama ta yi kuka, domin ciwon da aka bari ya taso ya fi wuyar kwantarwa, kuma mace mai haƙuri irinta ba za ta faɗa ba sai ya kai mata iya wuya. Ku sami littafi ku riƙa rubuta lokaci da adadi da yadda ta ji, mutum ɗaya ko biyu su ɗauki nauyin bayarwa don kada a ba ta sau biyu bisa kuskure. Ku auna da sirinji marar allura, kada ku yi amfani da cokalin shayi. Ku kuma karanta jikin kwalbar duk lokacin da kuka karɓo sabuwa, saboda ƙarfin haɗin yana bambanta, kuma miligiram na magani daban yake da mililita na ruwa. Ku tambayi likita adadin da za a ƙara mata idan ciwo ya taso tsakanin lokuta ko kafin a yi mata wanka.

A kwanakin farko za ta iya yin gyangyaɗi da tashin zuciya, su kan lafa cikin 'yan kwanaki, kuma wani ɓangare na barcin bashin da jikinta yake bin ta ne. Taurin bayan gida kuwa ba ya lafawa, don haka maganin sassauta ciki yana tafiya tare da mofin tun ranar farko. Wanda muka fi bayarwa, senna, ɗan'uwan filasko ne da iyayenmu suka sani, amma ku karɓi na asibiti mai ƙayyadadden awo. Abin da zai sa ku dakatar da maganin ku garzaya asibiti shi ne idan ana tashinta ba ta farkawa, numfashinta ya yi ƙasa da sau takwas zuwa goma a minti ɗaya, baƙin idonta ya tsuke kamar kan allura, ko leɓɓanta suka sauya launi.

Mai Sikila ya amsa:

Ina yi wa Hajiya fatan sauƙi. Ban ƙi abin da malaman da suka riga ni suka faɗa ba, amma ina roƙon kada a raina tsoron Kawu. Ni mai amosanin jini ne, kuma duk wanda ya san tashin wannan ciwo ya san cewa a lokacin ko guba aka miƙo maka da alkawarin sauƙi za ka karɓa. A asibiti aka fara yi mini allurar fentazosin, wadda muke kira penta, kuma ta yi mini amfani. Daga baya, saboda nisan asibiti da layi da kuɗin gado, sai na koma wajen wani mai kemis a unguwa yana yi mini ita ba tare da takarda ba, har na koyi yi wa kaina. Ban san ranar da na tashi daga neman sauƙin ciwo na koma neman allurar kanta ba. Cinyoyina sun yi tauri kamar itace, gyambon da ya fito a wurin allura ya shekara bai rufe ba, kuma har yau ba na iya durƙusawa sosai.

Na yarda cewa halin Hajiya daban ne da nawa, domin ni matashi ne mai ciwon da yake zuwa yana tafiya tsawon rayuwa, allura nake yi wadda take bugawa nan take, kuma babu mai lissafa mini. Abin da nake jin tsoro a gidanku shi ne ƙanenku. Kwalbar mofin a gidan da mai wata takwas da barin ƙwaya yake kwana jarrabawa ce babba gare shi.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya amsa:

Allah ya ƙara maka lafiya, Mai Sikila, maganarka ta ƙarshe ita ce na shigo in jaddada. Wanda ya bar ƙwaya na tsawon watanni jikinsa ya rasa sabon da ya yi da ita, saboda haka adadin da yake sha a da ya tashi lafiya zai iya tsayar masa da numfashi yau. Mutane da yawa suna mutuwa ne a irin wannan komawa ta farko. A sami akwati mai kwaɗo, mabuɗi ya zauna a hannun mai bayar da maganin, a riƙa duba abin da ya rage a kwalba ana gwada shi da littafin da Malama ta ambata. A kuma gaya wa yaron gaskiya cikin mutunci, kada ya ji a bakin wani cewa ana ɓoye abu saboda shi. Idan ba ya ganin likita a kan lamarinsa, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna karɓar masu wannan larura. Yara ƙanana ma abin kula ne, domin kurɓi ɗaya na mofin zai iya kashe yaro.

Game da Hajiya, haɗari mafi girma yana zuwa ne daga abin da ake haɗawa da mofin. Magungunan barci da na kwantar da hankali, irin su diyazefam, suna danne numfashi ta wata hanya daban, idan suka haɗu da shi sai nauyin ya ninka. Kada wani ya kawo mata maganin tari mai kodin ko tiramol da niyyar taimako. Kada kuma a kira mai kemis ya yi mata penta idan ciwo ya taso da dare, domin fentazosin yana ture mofin daga makarɓansa, sai ciwon ya dawo tare da alamomin yankewar magani. Ku tabbata likita ya san halin ƙodarta, saboda ta ƙoda ragowar mofin yake fita, idan ta yi rauni sai ya taru a jini ko da adadin bai canza ba. Idan aka wuce ƙima akwai makari, allurar nalokson, wadda take fizge mofin daga makarɓan cikin mintuna, sai dai ƙarfinta yana ƙarewa kafin na mofin, don haka wanda aka farfaɗo da shi dole ya zauna a asibiti a sa masa ido. Ku kuma tambayi likitan ko za a iya yi mata gashi da na'urar hasken da ke kashe ƙwayoyin daji a kan ƙashin da ya fi ciwo, domin yakan rage zafin ƙashi sosai har a rage magani.

Ina fahimtar inda tsoron dattawanmu ya fito. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda, akasari tiramol, kuma a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi bayan rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, har da Kano. A Amurka, inda aka sake wa likitoci hannu tun bayan fitowar OxyContin, wani maganin zafi na wannan dangi, a 1996, mutuwar da wuce ƙima ta jawo ta haura dubu ɗari a shekara a 2021 da 2022, mafi yawa ta fentanil na bayan fage. Amma namu ciwon biyu ne a lokaci ɗaya. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa don jinya, kuma muna cikinsu. Yaro yana samun tiramol mai 225 a bakin titi cikin minti biyar, uwarsa mai ciwon daji kuwa sai an yi tafiyar awanni kafin a sami asibitin da yake da mofin na ruwa. Yuganda ta rage wannan giɓi tun da aka kafa Hospice Africa, ƙungiyar rage wa masu ciwon da ba ya warkewa raɗaɗi, a Kampala a 1993, ana haɗa mofin na ruwa mai araha, daga baya kuma doka ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Samun da kuka yi na wannan kwalba abu ne da iyalai da yawa suke nema ba su samu ba.

Shawarata ita ce ku tafi da Kawu wajen likitan, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Idan damuwarsa ta haɗa da hukuncin addini, ku nemi malamin da yake girmamawa, domin malamai sun daɗe da bambance abin da ake sha don maye da abin da likita ya bayar saboda larura.

Mai Jinyar Uwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Mai Sikila da ya buɗe mana sirrinsa. Na karanta wa Kawu amsoshinku bayan sallar isha'i, bai ce komai ba, amma da safe ya bi ni asibiti, ya tambayi likita sau biyu ko maganin zai gusar mata da hankali har ta kasa kalmar shahada. Likitan ya ce masa zafin da take ciki ya fi maganin hana ta natsuwa, kuma idan barci ya yi yawa za a rage. Kawu ya sa sharaɗi cewa akwatin zai zauna a ɗakinsa, ƙanwata ce za ta riƙa aunawa, ni kuma in riƙe littafin. Ƙanenmu da kansa ya ce gara ya koma kwana a gidan yayarmu har zuwa wani lokaci. Yau kwana uku da farawa, Mama ta yi amai sau ɗaya a ranar farko, tana yawan gyangyaɗi da rana, amma jiya an juya ta ba ta damƙe hannun kowa ba, kuma ta nemi a jingina ta ta yi la'asar a zaune. Bayan gida bai zo ba tukuna duk da maganin da aka haɗa mana, don haka gobe zan koma da littafin in nuna wa likita, in kuma tambaye shi batun gashin ƙashi da gwajin ƙoda.